Ranar da Mahauta Suka Kayar da Motar Talle

Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidan Talle a unguwar Zongo ta Parakou. Lungu ne kawai tsakaninmu, saboda haka duk abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona, ko na jiyo shi ta kan katanga.

Sunansa na yanka Muhammad Nur, amma in ka shigo unguwar kana tambayar wannan suna, gidan wani ladani za a kai ka. Talle kowa ya sani. Ubansa mahauci ne, ya rasu ba a yi arba'in da haihuwar yaron ba, sai uwar ta goye shi ta koma Djougou, gidan wanta Alhaji Badamasi, jikan fataken goro. A can ya tashi tare da Tahir ɗan Alhajin, sa'ansa kuma taubashinsa. Tun suna rarrafe kowannensu yake cewa ɗayan bawansa ne, kuma yau sun haura sittin ba a raba gardamar ba.

Alhaji ya so Talle ya bi goro, amma jinin fawa ya ja shi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya dawo Parakou wurin dangin ubansa, ya ɗauki wuƙa. Ya yi shekara arba'in da 'yan kai a bakin teburin nama, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya tauye masa awo ba. Ƙarar da ake kaiwa a kansa duk ta bakinsa ce. Mace ta tambaye shi, "Baba Talle, naman nan na yau ne?" Sai ya ce, "A'a, na gobe ne, sammako ya yi." Shi ne ya taɓa ɗaura wutsiyar sa a bayan babur ɗin Lado, sarkin fawarsu, mutumin ya ratsa gari har ofishin magajin gari tana kaɗawa, yana ta ɗaga wa mutane hannu, a zatonsa farin jini ne ya sa ake ta nuna shi.

Motar kuwa gado ce tun mai ita yana da rai. A 1978 Alhaji Badamasi ya sayi farar mota ƙirar kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, irin wadda muke kira bashe. Ta yi jigilar goro zuwa kasuwannin Partago da Sérou har direbobi biyu suka tsufa a kanta. Da Alhaji ya ji ƙarfinsa ya tafi, sai ya kira Talle ya miƙa masa makulli. Aka ce, ga ɗanka Tahir fa? Lokacin Tahir ya riga ya zama mai walda. Alhaji ya ce, "In na ba wancan, kafin a share makokina ya yanka ta ya yi ƙofofi."

Talle ya kawo Bashe Parakou, ya sa ta ɗaukar ƙiraga daga kwata zuwa wurin masu sayen fata. Ƙirgi kuwa da gishiri ake tara shi, ruwan gishirin yana tsiyaya ta tsakanin katakon bayan motar yana sauka kan shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk mota take zaune a kai. Shekara da shekaru ba wanda ya leƙa ƙasa. Wata rana a 2011 ta faɗa wani rami kusa da kasuwar Arzèkè, aka ji ƙas, sai bayanta ya zauna kamar tsohuwar da ta gaji da tafiya. Aka turo ta gida aka jingine a gindin mangwaro.

Ta yi shekara goma sha uku a nan. Bashira matar Talle, wadda ke sayar da sakwara, ta mayar da bayan motar rumbun doya, kan inji kuma wurin shanyar kuɓewa.

A 2024 gwiwa ta hana Talle tsayuwa, ya bar wa 'ya'yansa teburin ya dawo gida ya zauna. Da ya rasa masu sayen naman da zai tsokana, sai ya koma kan Bashira. Ya gyara mata yankan albasa, ya ɗanɗana miya ya ce gishiri ya yi tafiya bai dawo ba, ya ɓoye mata taɓarya ya zauna yana taya ta nema. Ta jure wata biyu. Ranar da ta ƙoshi ina jin ta daga shago.

"Malam, aikin yi ka rasa. Ga gawa can ta cinye mini rabin tsakar gida. Ko ka tashe ta, ko gobe in kira masu sayen tsohon ƙarfe."

"Motar Kawu za ki sayar wa masu guduma?"

"Da kai a ciki, in za su ɗauka."

Washegari ya shimfiɗa buhu ya yi rigingine zai shiga ƙarƙashinta. Kai ya shiga, ƙirji ya shiga, tumbi ya ƙi. Daga inda ya maƙale ya miƙa ƙarfen da yake wasa wuƙa da shi ya ƙwanƙwasa shasin, sai garin tsatsa ya zubo masa a fuska kamar an juye jan barkono. Da na jawo shi ta ƙafa ya fito yana tofarwa, ya ce, "Idrisu, ba a feɗe dabba tana tsaye. Kwantar da ita za a yi."

Ba shi da abin ɗaga mota, kuma ya rantse ba za ta je garejin kowa ba. Kwana biyu yana shiri: ya zuƙe ɗan man da ya rage a tanki, ya tsiyaye baƙin mai, ya cire mataccen batir, ya jera tsofaffin tayoyi da wata yagaggiyar katifa a gefenta na hagu. Sannan ya zo shagona ya zauna ya kira Lado a waya, ya buɗe murya don in ji.

"Sarki, ran ka ya daɗe. Wani farin bijimi ne a gidana ya gagare ni kayarwa."

"Kai da ka ce ka bar aiki? Daga wace kasuwa?"

"Daga Djougou aka kawo shi. Ya daɗe a ɗaure."

"Yana tunkuyi?"

"Ko kusa. Nauyi ne dai kamar dutse. Ka zo da ƙarfafa, ku taho da igiyoyi masu kauri."

Ranar Lahadi da hantsi sai ga Lado da mahauta tara, kowa da igiya a kafaɗa, wasu har da wuƙaƙe a naɗe cikin tsumma. Suka yi sallama suka shiga, ni ma na ajiye almakashi na bi su. Lado ya duba gindin mangwaro, ya leƙa bayan ɗaki, ya ce, "Ina san?"

Talle ya dafa Bashe ya ce, "Ga shi. Fari ne ko ba fari ba? Daga Djougou yake ko ba daga can ba? A ina na yi ƙarya?"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka fara naɗe igiya. Lado ya ce shi da girmansa da rawaninsa ba za a mayar da shi ɗan dako ba. Talle ya sunkuyar da kai kamar abin ya dame shi, ya ce, "Gaskiyarka, Sarki. Ni ma na faɗa wa Bashira mahautan yanzu ba irin na da ba ne, ɗan maraƙi ma sai sun taru su shida. Ku tafi abinku, zan aika tashar mota a turo mini masu lodi."

Ko rufe baki bai yi ba Lado ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe. Aka zarga igiyoyi ta tagogi da ƙarafan rumfa, mutum biyar suka ja, huɗu suka sa kafaɗa ta ɗaya gefen, Lado yana ba da murya irin wadda yake bayarwa a kwata. Bashe ta yi wani dogon nishi, ta ɗaga ƙafafu biyu, ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta kwanta a kan tayoyin a hankali. Wani ƙaton ɓera ya fito daga ƙarƙashin kujera ya bi ta kan ƙafar Kabirou, wanda ya fi su duka girman jiki, mutumin da ke riƙe ƙahon sa da hannu ɗaya. Kabirou ya kurma ihu ya haye turmin Bashira. Ana ta yi masa tsiya har aka gama cin sakwarar da ta kawo musu.

Daga ranar Talle ya samu abin yi. Ya ari allin da nake zana yadi da shi, yana bin shasin taƙi-taƙi da ƙaramar guduma. Inda ƙarfe ya amsa da ƙara mai zaƙi sai ya wuce, inda ya amsa a dakushe sai ya kewaye da alli. Ya ce da ƙarfe da nama duk ɗaya ne, wanda ya lalace ba ya ɓoye wa hannun da ya saba. Yana kankarewa da buroshin waya, ya shafa jiƙon tsamiya da lemun tsami, ya bari ya ci, ya wanke, ya bar wa rana, ya sake gogewa. Sati uku yana wannan, gemunsa ya koma ja, shanyar Bashira ma ta koma ja. Mafi yawan ƙarfen ya fito da ƙwarinsa. Amma a baya, daidai inda sifirin yake kama shasi, tsatsa ta huda gefe biyun har dunƙulen hannunsa yana shigewa. Wannan ba aikin buroshi ba ne, sai an yanke an yi ƙari.

Na ce, "Kira Tahir mana."

Ya ce, "In kira bawana ya zo ya ga abin da na yi wa motar ubansa? Ƙarfe kawai zan samo, kowane mai walda a lungun nan ya liƙa mini."

A satin nan Bashira ta tafi Djougou bikin suna, kwana huɗu. A ɗakin baƙi akwai gadon ƙarfenta na aure, mai rumfa, wanda ta daina kwana a kai tun da aka sayi na katako, amma duk sallah sai ta goge shi ta canza masa zanen gado. Rana ta biyu da tafiyarta na ji ƙarar zarto. Na shiga na tarar Talle ya zare dogayen ƙarafan gefen gadon guda biyu, ya tokare sauran da bulo da guntun katako, ya mayar da katifa, ya ja zane har ƙasa.

Na ce, "Baba Talle, ka shiga uku."

Ya ce, "Wa ke hawa gadon nan? Sai ta shekara ba ta ɗaga zanen ba. Kai dai ka riƙe bakinka."

Abin da bai sani ba, a wurin sunan Bashira ta kwashe labarin mota kaf ta faɗa wa Tahir. Ranar Alhamis bayan azahar sai ga tasi ta tsaya a bakin lungu, ta sauke Bashira, ta sauke Tahir, aka sauko da injin walda daga saman mota tare da wasu falankan ƙarfe. Tahir mutum ne mai jiki, ya shigo yana share gumi yana cewa, "Ina bawan nan da ya kashe motar ubangidansa?" Ya zagaya Bashe sau ɗaya, ya ce bayansa ya ƙage, sai ya ɗan miƙe kafin ya duba da kyau. Bashira ta ce, "Shiga ɗakin baƙi, ga gado can a gyare."

Talle ya yi wuf ya ce, "Ɗakin nan da zafi. Ga tabarma a inuwa."

"Ni da gidan bawana in kwanta a tabarma?" in ji Tahir, ya ɗaga labule ya shige.

Ba a yi ƙiftawa uku ba muka ji rugum, sai salati. Muka ruga muka same shi a tsakiyar katifa ta naɗe shi kamar ƙunshin goro, ƙafafu a sama, rumfar gadon ta rufto masa. Bai ji ciwo ba. Da aka zaro shi ya ga bulo, ya fita ya hango ƙarafan nan biyu a jingine da mangwaro, sai ya gane. Ya ɗauki ɗaya ya sa a gwiwa ya lanƙwasa shi ba tare da ya yi nishi ba.

"Da wannan za ka ɗaure shasi? Kai, Talle! Wannan ko kejin kaji aka yi da shi sai an yi addu'a."

Ya yi dariya har da hawaye. Bashira kuwa ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon gadon, can ta ce, "Inna ta yi shekara biyu tana tuyar ƙosai kafin ta saya mini shi." Ta juya ta shiga madafa. Talle ya bi ta har ƙofar madafa ya ce, "Maman Mubina, na yi wauta." Ta ce, "Ka yi," ta ci gaba da fere doya.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Da yamma dai aka kawo abinci kwano biyu. Na Tahir nama har ya rufe miya, na Talle kuwa ya juya cokali gabas da yamma bai ci karo da ko jijiya ba. Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Mutumin da ya ciyar da rabin Zongo nama ya koma kallon taubashinsa yana tsotsar ɓargo, Tahir kuma yana yi yana lumshe ido yana cewa, "Amaryarmu, Allah ya yi miki albarka."

Tahir ya kafa sharuɗɗansa biyu. Gado za a fara gyarawa kafin mota, kuma duk abin da Talle zai roƙa sai ya fara da "ubangidana". Talle ya ce ya gwammace ya mutu. Da la'asar aka ji shi yana cewa, "Ubangidana, miƙo mini guduma," da murya ƙasa-ƙasa. Tahir ya ce kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, a ƙara ɗagawa.

Kwana ɗaya aka yi a kan gado. Tahir ya miƙar da ƙarafan ya mayar da su, Talle ya goge ya shafa koren fenti da hannunsa, har 'yan furannin da ke jikin rumfar ya bi da tsinke. Sannan aka koma kan Bashe. Falankan da Tahir ya kawo daga shasin wata tsohuwar babbar mota ya yanko su, masu kauri. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin har sai da ya kai ga farin ƙarfe, ya auna da kwali, ya fitar da ƙari daidai ramin, ya ɗiga wuta a kusurwa huɗu, ya duba da igiya ko gefe biyun sun yi daidai, sannan ya bi da walda kaɗan-kaɗan yana barin ƙarfen ya huce don kada ya murɗe. A kan kowane ƙari ya sake ɗora wani falanki ya rungume shi ta waje.

Suna cikin haka Tahir ya tsaya a kan wani tsohon ɗinkin walda can gaba, mummuna, kamar an yaɓa tuwo.

Talle ya ce, "Wane makaho ne ya yi wannan?"

"Ni ne. Ina koyo lokacin. Baba ya tsaya a kaina da carbi." Ya ƙwanƙwasa wurin, ya amsa garau. "Ka gani? Duk motar nan, nan ne tsatsa ta ji tsoro."

Talle ya ce, "Ka ji haushi da ya ba ni ita?"

Tahir ya sauke gilashin fuska ya ce, "Na ji, na wata guda. Amma gaskiya ya faɗa. Har na auna ta a raina, ƙofa shida za ta yi da taga biyu."

Suka shafe shasin da jan fentin hana tsatsa, ya bushe, suka bi da baƙi, suka ɗura tsohon baƙin mai cikin ƙarafan ta 'yan ramukan jikinsu. Da lokacin tayar da ita ya yi, Lado ya aiko cewa mahauta ba za su taka gidan ba sai sun ji kukan dabba mai rai da kunnensu. Dole Talle ya sayi bunsuru, sannan suka zo suka tayar da ita. A ranar ne, bayan kwana goma sha tara, Bashira ta tsamo tsoka ɗaya ta jefa masa a kwano ba ta dube shi ba.

Inji ya ɗauki wani makaniki sati biyu, takardu suka ɗauki fiye da haka. Tafiyar farko Djougou muka yi, mayar da Tahir da injinsa. Talle yana tuƙi, Bashira a gefensa, ni da Tahir a baya kan benci. A gadar Bétérou wani jami'i ya tsayar da mu, muka fara laluben takardu, ashe hoto yake so ya ɗauka ya aika wa babansa. A Partago ranar kasuwa ce, wani tsoho ya bar buhun dawarsa ya biyo mu da gudu yana kiran sunan Alhaji Badamasi. Tafiyar da tasi ke yi a awa biyu da 'yan kai, mu sai da muka yi biyar, amma ko ƙis shasin bai yi ba.

Yanzu Bashe ba ta ɗaukar kaya. Aikinta ɗaya ne: ranar Juma'a takan kai tsofaffin lungunmu masallaci, wanda in da ƙafa ne ba ya wuce tafiyar minti bakwai. Tun sha biyu suke taruwa da fararen riguna, su biyar ko shida, har da Lado. Talle ya shiga ya murɗa makulli, a ji shiru, ya leƙo ta taga da fuskar tausayi ya ce, "Yau ma ta ƙi. Sai an taimaka." Tsofaffin su tattare riguna su tura ta har bakin titi suna haki, ta tashi, su hau suna yi mata kirari.

Wata Talata da safe, lungu ba kowa, na gan shi ya shiga ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari ya taɓa wani abu, ya murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi nan take. Ya ɗago muka haɗa ido. Ya kashe ta, ya tsallako shagona.

"Idrisu, likita ya ce Malam Lado ya riƙa motsa jiki, ya ƙi. Sauran ma duk haka. Ni taimakonsu nake yi."

Na ce, "To ranar da suka gane fa?"

Ya ce, "Wannan Juma'ar zan ce taya ce ta sace, in ga wanda ya iya famfo a cikinsu."